Kan Sarkin da Tantabara Ta Ɗauka: Tarihin Wasiƙun Tsuntsu da Masu Tara Su

A gidanmu a Kafur, tun ina yaro akwai tsofaffin tukwane da aka jera a kan katanga ta wajen rumbu, nan tantabaru suke kwana. Wata shekara yayana ya kai guda biyu kasuwar Malumfashi ya sayar. Kafin sati ya zagayo sai ga su a kan katanga suna ta guɗa, kamar ba abin da ya faru. Duk mai kiwon tantabara ya san wannan: in ka sayo sabuwa, sai ka ɗaure mata fiffike ko ka rufe ta har ta saba, in ba haka ba kuɗinka sun bi iska.

Wannan halin da yake ɓata wa mai saye rai, shi ne wasu ƙasashe suka gina gidan waya a kansa. Har kan sarki aka buga na musamman domin wasiƙun da tantabara za ta ɗauka, kuma yau akwai mutanen da suke bin gidajen gwanjo suna neman waɗannan 'yan takardu. A wannan rubutu za mu duba yadda abin ya faro, abin da masu tarawa suke nema, da kuma dalilin da ya sa maganar ta shafi tsofaffin ambulan da ke cikin adakar kakanninmu.

Ba a aiken tantabara, gida take komawa

Bari mu fara gyara wani kuskure. Ba a ce wa tantabara ta kai wasiƙa gari kaza. Abu ɗaya ta iya, shi ne komawa inda ta saba kwana. Saboda haka in kana so saƙo ya tashi daga Funtua zuwa Kafur, sai ka ɗauki tantabarar Kafur a cikin keji ka kai ta Funtua, ranar da buƙata ta taso ka ɗaura mata takarda ka sake ta. In kuma kana son amsa, dole a ce akwai tantabarar Funtua da ke tsare a Kafur. Ka riƙe wannan, mai karatu, domin duk tarihin da ke tafe a kansa yake tsaye.

To ta yaya take gane hanya? Masana sun daɗe suna gwaji. A shekarun 1950 Gustav Kramer a Jamus ya nuna cewa tsuntsaye suna amfani da rana wajen gane alƙibla. Klaus Schmidt-Koenig ya ɗora a kai: ya tsare tantabaru a ɗakin da ake kunna fitila da kashe ta a lokacin da ya saɓa da fitowar rana da awa 6, har agogon jikinsu ya rikice. Da aka sake su, sai suka karkace daga hanyar gida da kimanin digiri 90. Dalili kuwa a fili yake: rana tana tafiyar kusan digiri 15 a kowace awa, 15 sau 6 kuma 90 ke nan. A 1971 William Keeton na Jami'ar Cornell a Amurka ya ɗaura wa tantabaru ƙananan maganaɗisu, ya ga sun fi ruɗewa a ranar da gajimare ya rufe rana, alamar suna jin maganaɗisun ƙasa. A daidai wannan lokaci Floriano Papi a Italiya ya gano cewa tantabarar da aka hana ta jin ƙamshi tana shan wuya wajen gano gida daga wurin da ba ta sani ba. Daga baya masu bincike a Oxford suka bi sawunsu da na'ura, suka ga in sun iso yankin da suka sani sukan bi titi da sauran alamun ƙasa. Wato ba dabara ɗaya take dogaro da ita ba, tana haɗa su ne gwargwadon hali.

Kafin a san kan sarki

Amfani da tantabara wajen saƙo tsohon abu ne, kuma daulolin Musulunci suna cikin waɗanda suka fi tsara shi. Sarki Nuruddin Zangi na Sham ya kafa hanyar saƙon tantabaru tsakanin biranensa a farkon shekarun 1170. Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar da Sham daga 1260 zuwa 1277, ya ƙarfafa tsarin: hasumiyoyi a jere a kan hanya, kowace da ma'aikatanta, tantabara ta kawo saƙo wannan hasumiya, a cire a ɗaura wa ta gaba. Malam Alƙalƙashandi, wanda ya rasu a 1418, ya bayyana wannan tsari a littafinsa Subhul A'asha. Sai dai wannan waya ce ta sarki da sojojinsa, talaka ba ya aikawa da ita, kuma babu kan sarki, domin ba a ƙirƙiro shi ba sai 1840 a Ingila.

A 1850 Paul Julius Reuter ya yi amfani da tantabaru wajen kai farashin hannun jari tsakanin Brussels da Aachen, inda wayar tangarahu ba ta haɗu ba tukuna. Da waya ta haɗe, sai ya bar tantabaru ya koma Landan a 1851, ya kafa kamfanin labaran da har yau yake ɗauke da sunansa. Wannan ma wani abu ne da za mu yi ta gani: tantabara tana cike giɓi ne, ranar da waya ta iso aikinta ya ƙare.

Paris a cikin ƙawanya

A ranar 19 ga Satumba 1870 sojojin Jamusawa suka gama zagaye birnin Paris, suka yanke wayoyi, suka tare hanyoyi. Mutum wajen miliyan 2 suka wayi gari ba su da labarin 'yan uwansu na waje. Ƙawanyar ba ta ƙare ba sai 28 ga Janairu 1871.

Fitar da wasiƙa bai gagara ba. An ɗinka manyan balan-balan masu kwando, ana cika su da iskar gas, su tashi da mutum da buhunan wasiƙu su wuce ta saman abokan gaba. Fiye da 60 suka tashi, suka fitar da wasiƙu sama da miliyan 2, kowace ba ta wuce giram 4 ba. Matsalar ita ce balan-balan inda iska ta ga dama nan take kai shi, ba ya iya komowa. To ka ga an sami hanya mai fita kawai. Tantabara kuma hanya ce mai shiga kawai. Sai aka haɗa su: balan-balan ya fita da tantabarun Paris a keji, a kai su Tours inda wani ɓangare na gwamnati ya koma, daga baya kuma Poitiers, a matsa da su kusa da Paris iya yadda za a iya, a sake su da saƙo.

A ranar 4 ga Nuwamba aka buɗe hanyar ga jama'a, kalma ɗaya santim 50, kuma saƙo kada ya wuce kalma 20. An kuma fito da wani kati da mutumin Paris zai tura wa danginsa, su amsa tambayoyi huɗu da i ko a'a. Amma tantabara nawa ce za ta ɗauki saƙon dubban mutane? Nan René Dagron ya shigo, mai ɗaukar hoto da ya ƙware wajen ƙanƙanta hoto. Ya fita daga Paris ranar 12 ga Nuwamba a balan-balan mai suna Niépce. Ɗaya balan-balan ɗin da suka tashi tare, mai suna Daguerre, ya faɗa hannun Jamusawa, shi kuwa ya sha da ƙyar. Aikinsa shi ne a buga saƙonni a manyan shafuka, a ɗauki hotonsu a kan wani siririn fim na sinadarin kolodiyon, faɗinsa kimanin santimita 3 tsawonsa 5, wanda yake ɗaukar saƙo dubbai. A naɗe fim ɗin, a zura a kororon gashin dinya, a ɗaure a gashin jelar tantabara. In ta iso Paris sai a haska fim a bango da fitila mai ƙara girman hoto, akawuna suna zaune suna kwafewa, masinja ya kai gida-gida. Wannan fitila ita ce kakar abin da Bahaushe ya zo ya kira majigi.

Hanyar ba ta da sauƙi. Sanyin hunturu, hazo, shaho da bindigar abokan gaba sun ci tantabaru da yawa. An saki wajen 300, waɗanda suka isa kimanin 60 ne. Dabarar da ta cece su ita ce maimaitawa: fim ɗaya a ɗaura wa tantabaru da dama a lokuta daban-daban, har sai Paris ta aiko ta balan-balan cewa ya iso. Mai karanta kwamfuta zai gane wannan nan take, don haka intanet take yi yau: a yi ta sake tura ƙunshin bayani har sai ɗaya ɓangaren ya tabbatar ya karɓa.

Tsibirin da ya buga kan sarkin tantabara

A Paris ba a buga kan sarki na musamman don tantabara ba. Wannan ya faru ne a wani tsibiri mai suna Great Barrier a ƙasar Niyuzilan, kimanin kilomita 90 daga birnin Auckland, wato ya ɗan ɗara tafiyar Funtua zuwa Zariya, sai dai teku ne tsakani.

A daren 29 ga Oktoba 1894 jirgin ruwa mai suna Wairarapa, wanda ya taso daga Sydney, ya daki duwatsun tsibirin cikin hazo. Fiye da mutum 120 suka rasu. Labarin bai isa Auckland ba sai bayan kwana 3, domin tsibirin ba shi da waya, jirgi kuma sau ɗaya yake zuwa a mako. Wannan jinkiri ya tsaya wa mutane a rai. A 1897 wani mai kiwon tantabaru, Walter Fricker, ya fara kai saƙon jama'a da tantabara daga tsibirin zuwa Auckland. Ba a daɗe ba ya sami abokin hamayya, S. H. Howie, kowa yana cewa shi ne na asali.

A watan Nuwamba 1898 kamfanin Howie ya fitar da kan sarki na sule ɗaya. Hukumar gidan waya ta ƙi yarda a rubuta kalmar da ke nuna aikin gidan waya a jikinsa, tunda wannan haƙƙin gwamnati ne, sai aka buga wata kalma a kai mai nufin saƙon tantabara. A 1899 Fricker ya fitar da nasa masu kusurwa uku, na sisi da na sule. Na sisi na saƙon da zai tashi daga tsibiri zuwa Auckland ne, na sule kuma na wanda zai koma tsibirin. Bambancin farashin ya komo kan abin da muka faɗa da farko: kowace alƙibla tana buƙatar nata garken, kuma horar da tsuntsayen da za su tsallaka teku zuwa tsibirin ya fi wuya. Ana rubuta saƙon a wata takarda shara-shara, a liƙa kan sarkin a jikinta, a naɗe a ƙafar tantabara. Masu haƙar ma'adinai da masu yankan katako da iyalansu suka riƙa yin odar kaya da neman likita da ita. A 1908 aka shimfiɗa wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku, kasuwar ta mutu.

Masu tara kan sarki da yawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin kan sarki na farko a duniya na wasiƙar sama. Wasu kuma suna cewa a'a, na kamfani ne mai zaman kansa, na farko da gwamnati ta fitar shi ne na Italiya a 1917. Kowa da hujjarsa, ya danganta da abin da ka kira kan sarki. Gidan wayar Niyuzilan dai ya fitar da masu kusurwa uku a 1997 don tunawa da cika shekara 100.

Kada a ɗauka abin ya tsaya a ƙarni na 19. 'Yan sandan jihar Odisha a Indiya sun kafa sashen tantabaru a 1946, ya kuma yi musu rana a ambaliyar 1982 da guguwar 1999 lokacin da wayoyi suka lalace. Sai 2008 aka rufe shi a matsayin hanyar aiki.

Me masu tarawa suke nema?

Wanda bai san harkar ba zai zaci sabon kan sarki fes, wanda ba a taɓa amfani da shi ba, shi ne mafi daraja. A wannan fanni sau da yawa akasin haka ne. Abin da ake so shi ne kan sarki yana nan liƙe a jikin takardar da tantabara ta ɗauka, da hatimin kamfani, da kwanan wata, da rubutun mai saƙo, har da alamun naɗi. Dalili biyu ne. Na ɗaya, irin wannan takarda ba ta jure ajiya, kuma mutane sukan karanta su jefar, don haka kaɗan suka tsira. Na biyu, ita ce shaidar tafiya. Kan sarki shi kaɗai yana gaya maka farashi ne kawai. In yana tare da takardarsa, zai gaya maka wa ya aika, daga ina, wace rana, kuma me ya dame shi a ranar.

Daga Paris ana tara abubuwa uku: fim ɗin kansa, takardar da akawu ya kwafe saƙo a kai aka kai wa mai shi, da ambulan ɗin da suka fita ta balan-balan. A na ƙarshen, masana sukan haɗa kwanan watan hatimin Paris da na garin da wasiƙar ta isa, su duba jerin ranakun tashin balan-balan, su gano wanne ne ya ɗauke ta. Aikin bincike ne sosai, ba tara kayan ado ba.

Inda kuɗi suke kuma jabu ba ya nisa. An yi jabun kan sarkin Great Barrier da yawa. Shi kansa Dagron bayan yaƙi ya buga fina-finai na tunawa masu kama da na asali, waɗanda ba su taɓa hawa tantabara ba. Ba zamba ya yi ba, amma mai sayarwa a yau yana iya yin zamba da su. Shi ya sa ake duba irin takarda, tawada, haƙoran gefen kan sarki da siffar hatimi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a kwatanta da wanda aka tabbatar, a kuma nemi tarihin hannuwan da abin ya bi. In ka ga wani yana tallar irin wannan a intanet da araha, babu takardar shaidar ƙwararru, to ka kama kuɗinka.

Namu na gida

A ƙasar Hausa manzanni a kan doki da ƙafa, da fatake, su ne suka riƙa ɗaukar wasiƙu, hatimin sarki ko na waziri kuma shi ne shaidar inganci. Wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927, har yau masana tarihi suna komawa gare su don sanin abin da sarakuna suke faɗa wa juna lokacin zuwan Turawa. Da an ƙone su, da wannan ɓangare na labarin ya tafi.

Kan sarki ya shigo mana a 1900, lokacin da aka fitar da na Arewacin Nijeriya da hoton Sarauniya Victoria. A 1902 aka sauya zuwa na Sarki Edward na 7, a 1912 na Sarki George na 5. Sunan da Bahaushe ya ba abin ya bayyana kansa, kan sarki ne a jiki. Bayan haɗe Arewa da Kudu ranar 1 ga Janairu 1914 sai aka koma na Nijeriya. Wato na Arewa zalla shekara 14 kacal ya yi, shi ya sa masu tarawa suke nemansa, musamman na fam 25 na 1904 wanda yake cikin mafiya wuyar samu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya bi ta Funtua a ƙarshen shekarun 1920, a 1936 kuma aka fara kai wasiƙa ta jirgin sama tsakanin Khartoum da Kano. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar alamarsa a jikin ambulan.

Ko adireshi kaɗai tarihi ne. Wasiƙar da aka aiko Kafur ko Malumfashi kafin 1967 ta zo ne Lardin Katsina a Jihar Arewa. Daga 1967 Jihar Arewa ta Tsakiya, daga 1976 Jihar Kaduna, daga 1987 Jihar Katsina. In farashin da ke kan sarkin sule da kwabo ne irin na da, to an buga shi kafin 1973, shekarar da naira ta fito. Da waɗannan alamu biyu za ka iya ƙiyasta shekarun ambulan ko da hatiminsa ya goge.

Akwai ma na jiya-jiya. A watan Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua, Bakori da Malumfashi. Mun ga yadda mutane suka koma rubuta 'yar takarda su ba direba a tasha, ko su yi tafiya mai nisa don neman sabis. A waɗancan watannin mun ɗanɗani abin da mutanen Paris da na Great Barrier suka sani, zaman da ba ka da labarin naka. Waɗannan 'yan takardu, in akwai wanda ya ajiye, nan da shekara 50 za su faɗa wa jikokinmu abin da sanarwar gwamnati ba ta faɗa ba. Saƙonnin WhatsApp kuwa in waya ta ɓace ko ta lalace, sau da yawa sun tafi ke nan.

In ka buɗe adaka

Idan ka ci karo da tsohon ambulan a gida, ga abin da ya kamata. Kada ka ɓare kan sarkin, darajarsa tana tare da ambulan ɗin. Kada ka liƙe yagewa da salatif, kada kuma ka kai a narka masa leda a jiki, domin gam da zafi suna lalata takarda kuma ba a iya warwarewa. Ka ɗauki hotonsa gaba da baya, don hatimin isowa yakan kasance a baya. Ka sa shi tsakanin farar takarda mai tsabta, a wuri busasshe nesa da ƙasa, saboda gara da danshin damina su ne manyan abokan gaba. Ka tambayi dattawan gida wa ya aiko, a kan me, ka rubuta a wata takarda daban tun suna nan. Kuma wasiƙa sirrin iyali ce, kada ka ɗora ta a Facebook sai da izinin masu ita. In tana da muhimmanci ga tarihin gari, ma'aikatan Gidan Arewa da na Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna sun san yadda ake adana irinta.

Takardun Great Barrier da ake gwanjonsu yau, yawancinsu ba manyan maganganu ba ne a ciki. Odar kaya ce, da neman magani, da gaisuwa. Irin abin da ke cikin wasiƙar da ɗalibi ya rubuto wa mahaifinsa daga Zariya yana neman kuɗin mota ke nan. Bambancin kawai, can an sami wanda ya ajiye, mu nan sau da yawa an ƙunshe ƙosai da tamu. Kafin a sake share ɗakin kaka, a duba abin da ke cikin adakar tukuna.